Fim ɗin Open Range a idon mutumin Haɗeja: inda jinkirinsa ya yi rana da inda ya gaza

Mutum huɗu ne da garken shanu a tsakiyar wani fili mai ciyawa iya ganin ido. Hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, suka fake a ƙarƙashin tamfol suna buga karta. Da ruwan ya ɗauke sai ga dawakansu sun watse, keken dokin da ke ɗauke da kayansu ya kafe a taɓo, suka duƙufa tono da turi. Haka fim ɗin Open Range ya buɗe, kuma a kan wannan tafiyar hawainiya ya ci gaba har minti 139. Kwanakin baya na sake kallonsa a Haɗeja tare da wani ƙanena mai sayar da shinkafa. Ba a yi rabin sa'a ba ya waiwayo ya ce, "Yaya, wai yaushe za a fara fim ɗin?" Amma shi ne kuma, bayan an gama, ya riƙe ni da gardama har aka kira sallar isha'i, ba a kan harbe-harben ba, a kan wane ne mai gaskiya tsakanin makiyayan da mai ƙasa.

Finafinan kaboyi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tun bayan buɗe sinimar Rex a Kano a 1937 suke cikin abin da ake haskawa, har kalmar kaboyi ta zauna daram a bakin mutane. A Jamhuriyar Nijar ma, Moustapha Alassane ya shirya wani gajeren fim a 1966 a kan saurayin da ya dawo gida da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Abin da iyayenmu suka saba gani shi ne sukuwa da ƙura da ƙarar bindiga. Open Range ya fito a 2003, lokacin da kasuwar irin waɗannan finafinai ta riga ta ja baya ko a Amurka. Kevin Costner ne ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin Charley Waite, Robert Duvall ya fito a matsayin dattijon tafiyar, Boss Spearman. An tsamo labarin daga wani littafi na Lauran Paine. Mai son ya kalla ba tare da sanin ƙarshe ba ya dakata a nan, domin bayanin ba zai yiwu ba sai an taɓo ƙarshen.

Labarin gajere ne. A 1882, a yankin Montana, waɗannan mutum huɗu suna kiwon yawo a filin da gwamnati ba ta mallaka wa kowa ba. Suka aiki ɗayansu, Mose, garin Harmonville sayo guzuri. A can akwai wani attajiri mai garke da ƙasa, Denton Baxter, wanda ya tsani masu kiwon yawo, kuma shugaban 'yan sandan garin a aljihunsa yake. Aka lakaɗa wa Mose duka aka kulle shi. Bayan an karɓo shi, yaran Baxter suka faɗa wa zangon da dare, suka kashe shi tare da karensu, suka bar yaron tafiyar, Button, tsakanin rai da mutuwa. Sauran biyun suka kai yaron gidan likita, suka zauna jiran gari ya waye su fuskanci Baxter. Ke nan. Wani daraktan da minti casa'in ya ishe shi.

To me aka yi da sauran lokacin? A nan ƙarfin fim ɗin yake. An kashe shi wajen sa mai kallo ya san mutanen kafin a taɓa su. Mun ga Mose yana wasa da kare, mun ga Button ya yi maguɗi a karta an ƙi yafe masa da wuri, mun ga yadda dattijo ke ba da umarni da kalma biyu a bi. Saboda haka ranar da aka tsinci gawar Mose, ba wani ɗan rakiya ne ya mutu don labari ya motsa ba, mutum ne da muka sha shayi da shi. Yawancin finafinan faɗa suna zubar da gawa ashirin ba wanda ya ji komai. Wannan ya ajiye guda ɗaya ta yi nauyi.

Akwai kuma aikin kiwon kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen hanyar Haɗeja zuwa Nguru da kaka ya ga garke na gangarowa fadama, ya san kiwo sana'ar jira ce: jiran ruwa, jiran ciyawa, jiran saniya ta ƙoshi. Fim mai gaggawa ba zai iya nuna wannan ba, domin da zarar ya yi sauri ya yi ƙarya. Mai ɗaukar hoton, James Muro, yakan ja da baya ya bar mutane su zama ƙanana a ƙarƙashin sararin sama, ya ƙi yanke hoton har sai ido ya gama yawo a cikinsa. Wanda zai kalla a ƙaramar waya, kamar yadda akasarinmu ke yi yanzu, ya yi asarar rabin wannan.

Wurin da na fi so shi ne safiyar faɗan. Maimakon su yi ta wasa makamai, sai dattijon ya shiga kanti ya sayi alewar cakulan mai tsada da sigari mai tsada, bisa tunanin kada mutum ya mutu bai taɓa ɗanɗana su ba. Charley kuwa ya bar wasiyya a sayi kayan shayi na tangaran a bai wa Sue, 'yar'uwar likita, a madadin wanda ya fasa mata. Sannan, bayan kusan shekara goma suna tafe tare, sai a ranar kowannensu ya faɗa wa ɗan'uwansa cikakken sunansa na yanka. Babu mai cewa yana jin tsoro, amma duk wanda ya ga mutum yana biyan bashi yana sallamar jama'a ya san abin da ke ransa. Irin wannan kunya da kawaici ba sai an yi wa Bahaushe ko Bafulatani fassararsu ba.

Da faɗan ya zo, bayan an haura sa'a ɗaya da rabi, sai ya zo ba shiri. Charley ya taka har gaban ƙwararren maharbin Baxter, ya tambaye shi ko shi ya kashe abokinsu, ya harbe shi a goshi kafin kowa ya motsa. Daga nan sai ruɗani: ana harbi daga kusa ana kuskurewa, ana faɗuwa a taɓo, ƙarar bindigar tana firgitarwa domin kunne ya daɗe cikin shiru. Masu ƙirga sun lura cewa bindigar Charley mai cin harsashi shida ta yi aman fiye da haka ba a sake ɗura ta ba, amma wannan ƙaramin aibi ne. Da an fara harbin tun minti na goma, da babu abin da zai rage na firgici a nan.

Ya kamata a bambanta wannan da abin da muke fama da shi a wasu finafinanmu masu dogon zango, inda ake sallama da gaisuwa da shiga mota da fitowa daga mota don kawai a cika mako. Wancan jan lokaci ne, ba abin da ke ƙaruwa. Jinkiri mai amfani shi ne wanda idan aka cire shi wani abu a gaba zai rushe. Da wannan ma'auni, kashi biyu bisa uku na Open Range ya tsira.

Ragowar kashin bai tsira ba. Soyayyar Charley da Sue, wadda Annette Bening ta fito a matsayinta, ta fara da kyau, da kallo da kame-kame, amma bayan an gama faɗa sai fim ɗin ya rasa ƙofar fita. A yi ban kwana, a dawo, a nemi aure, a sake ban kwana. Kiɗan ma yakan yi yawa a inda shiru ya isa. Kuma akwai wuraren da Costner bai yarda da fuskarsa ba, sai ya buɗe baki ya yi ta bayanin irin kisan da ya yi a yaƙin basasar Amurka, alhali tafiyarsa da idonsa sun riga sun faɗa.

Sai dai babban rauninsa ba na tsawo ba ne, kuma shi ne abin da ƙanena ya kama. Fim ɗin ya yi haƙurin sanin zuciyar makiyayi, amma bai yi haƙurin sanin rigimar ƙasar ba. A cikinsa babu manomi ko ɗaya da shanu suka shiga gonarsa. Babu wanda ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ya wayi gari ya tarar an tattake masa shuka. An ajiye makiyaya masu mutunci a gefe guda, azzalumin attajiri a ɗaya gefen, Michael Gambon yana ta huci daga farko har ƙarshe ba a ba shi ko hujja ɗaya mai kama hankali ba. Zaɓi ya yi wa mai kallo sauƙi ƙwarai.

Mutumin kwarin Haɗeja ya san abin bai zo da wannan sauƙin ba. A da, ambaliyar kogi takan malale fadama da damina, masunta su yi su, manoma su girbe shinkafa, sannan shanu su shigo su ci ciyawa da karmami su bar taki. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwan ya sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da makiyaya. Injin ban ruwa ya sa noman rani ya bunƙasa, abin alheri ne, amma ma'anarsa ita ce fadamar da saniya ke samu a buɗe da rani yanzu shinkafa da alkama da kayan lambu ne a cikinta. Jama'a ta ƙaru, an noma burtali a wurare da dama, mashaya ta koma bayan gonar wani. Rikicin da akan ji a ƙananan hukumomin Guri da Kirikasamma yawanci ba tsakanin attajiri da talaka yake ba. Talaka biyu ne, kowanne da gaskiyarsa, a kan filin da ya yi musu kaɗan.

Ko a tarihin Amurkar ma fim ɗin ya taƙaita. Dokar rabon filaye ta 1862 ta bai wa mai son noma eka 160, waya mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta sa shinge ya yi araha, kuma manyan masu garke da kansu suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar filin da ba shinge. Abin da ya karya kiwon sake a can ya haɗa da cunkoson shanu da ya cinye ciyawa da mummunan sanyin 1886 zuwa 1887 da ya hallaka garkuna. Ba mugun mutum ɗaya ba ne. Sannan filin da ake kira na kowa yana da masu shi na asali, waɗanda aka kora aka kuma ƙarar da ɓaunar da suke rayuwa a kanta. Fim ɗin bai ba su ko fage ɗaya ba, duk da cewa a Alberta ta Kanada, a yankin da aka keɓe wa ƙabilar Stoney, aka ɗauki wani ɓangarensa.

Akwai kuma maganar maganin da ya bayar. Hukuma ta lalace, don haka mutum biyu suka ɗauki doka a hannu, mutanen gari suka mara musu baya, aka kashe azzalumi, gari ya zauna lafiya. A allo abin yana da daɗi. A ƙasa kuwa mun san ramuwa ba ta tsayawa a kan wanda ya yi laifi, takan faɗa wa rugar da ba ta san hawa ba ko ƙauyen da bai san sauka ba, shekara mai zuwa a rama. Abin da ya taɓa rage wutar a Jigawa aiki ne marar armashi: shata burtali da makiyaya, samar da mashaya kamar famfunan da iska ke juyawa da aka kafa zamanin Gwamna Sule Lamido, zaman bulama da arɗo, ƙiyasta ɓarna da biyan diyya. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, har yau aiwatar da ita ake fama. Wannan shi ne ainihin labari mai tafiyar hawainiya, kuma fim mai minti 139 yana da sararin da zai taɓo irinsa, bai taɓo ba.

Duk da haka ina ba da shawarar a kalle shi, a babban allo in da hali, da dare bayan an rufe shago, ba a tsakanin ciniki ba. A kalle shi saboda Duvall, wanda yake da shekara 72 lokacin da fim ɗin ya fito, yana zaune a kan doki kamar a nan aka haife shi. Masu shirya finafinanmu kuma su kalle shi da biro a hannu. Fadamar Baturiya da rani, da garke na ƙetare ruwa da hantsi, ba ta gaza Alberta kyau ba, kuma ba a cika ganin an kai kyamara can ba. Ƙanena ya ce in za a yi, a fara da manomin, a nuna shi tun daga ranar da ya ci bashin iri, sannan a koma ruga a zauna da yaron da aka bar wa shanu ɗari shi kaɗai, kada a haɗa su sai an wuce rabin fim.