Kawu Maƙeri

Kawuna, Allah ya jiƙansa, maƙerin babbaƙu ne a wani ƙaramin gari na ƙasar Daura, kuma gado ya yi. Kakanninsa tama suke haƙowa su narka. A zamaninsa an bar wannan wahala, sai ya koma sayen sifirin tsohuwar mota, don babu ƙarfen da ya kai shi riƙe kaifi. Gawayi kuwa sai na ƙirya, mai jimirin wuta, wanda kullum tsada yake ƙarawa saboda itacen yana ƙarewa a daji.

Da an idar da sallar asuba babban ɗansa zai zauna bakin zugazugi. In ƙarfe ya yi jajir, Kawu ya cafko shi da awartaki, ya ɗora kan uwar maƙera, masaba ta hau aiki har ruwan fartanya ya baje. Gwanintarsa tana wajen tsoma shi a ruwa. In an yi gaggawa, bakin ya yi taurin da zai ɓalle a fako. In an yi jinkiri, ya lanƙwashe tun noman farko. Shi launin ƙarfen kawai yake duba, hannunsa ya san sauran. Daga nan sai magagari, sai ƙota daga wurin masassaƙi, wanda shi ma yana jiran nasa rabon.

Da bazara ake rububin sungumi da garma, da kaka lauje da magirbi. Amma lokacin da manomi ya fi bukatar fartanya, lokacin ne rumbunsa yake wayam. Don haka rabin cinikin Kawu bashi ne, a biya da damin gero in an girbe. A farin 1973 ba a girbe ba, bai kuwa bi kowa gida ba. Ƙuliƙulin da matarsa take soyawa shi ya riƙe gidan har wata damina, kuma a ganina ba a cika ambaton irin waɗannan mata ba in ana yabon masu sana'a.

Tartsatsi ya bar masa tabo har gwiwar hannu, ƙarar masaba ta taɓa masa kunne. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'yansa mata, ya sa maza a makaranta. Ɗan da ya yi masa zuga yanzu walda yake yi, yana haɗa ƙofofi da garmar shanu, ranar kasuwa kuma ya hura wutar maƙerar saboda masu kawo gyara.