Gaskit: Siririn zoben da ke tsare bakin bututun masana'antu

Duk inda bututu biyu suka haɗu a matatar mai, kamfanin taki ko wurin tace ruwan sha, akwai wani siririn zobe da ake matsewa tsakanin bakunansu da notuna. Makanikai na kiran sa gaskit. Ba ya fitowa a hoton bikin ƙaddamarwa, amma ranar da ya sake, abin da ke cikin bututun ne zai tsiyayo: asid, iskar gas ko kulorin.

An daɗe ana yin sa da asbestos, har aka tabbatar ƙurarsa na haddasa cutar daji. Daga cikin abubuwan da suka gaje shi akwai PTFE, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1938, aka fi sanin sa da Teflon. Sinadarai kaɗan ne ke iya cin sa, kuma yana jure zafi har kusan digiri 260. Sai dai yana da hali: idan aka matse shi ya daɗe, yakan baje a hankali, mahaɗar ta yi sako-sako. Shi ya sa ake cakuɗa shi da wani abu don ya tsaya. Mai haɗin silika ya dace da asid mai ƙarfi, amma soda mai ƙuna na cinye silikar. A nan sai mai haɗin bariyom salfet. A ido, launi kaɗai ke raba su, a aiki kuwa ba a musanya su.

Inda zafi ya zarce haka, ana amfani da wanda aka naɗe da siririn ƙarfe da girafait.

A nan zancen ya iso teburin ma'aikacin gwamnati. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta fifita mafi araha ne daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan takardar neman kaya ta ce "gaskit" kawai, ba sunan sinadari, ba zafi, ba ƙarfin matsi, to an ba ɗan kwangila damar kawo robar da ba za ta kai wata guda ba, kuma bai karya doka ba.

Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, galibinsa walda ce, amma tashoshinsa na da irin waɗannan mahaɗu. Duk wadda aka kwance don gyara, sabon gaskit take buƙata, domin wanda aka taɓa matsewa ba a mayar da shi.