Tsakanin Fagen Daga Da Bariki: Kare Soja Da Iyalinsa Daga Ƙanjamau

Idan aka tura soja Arewa maso Gabas ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, yakan shafe watanni bai sanya iyalinsa a ido ba. Matarsa da 'ya'yansa suna can bariki a Kaduna ko Legas ko Abuja, suna ƙirga kwanaki. Wannan doguwar rabuwa, da yawan sauyin wurin aiki, da kasancewar galibin dakaru matasa ne, su ne suka sa masana lafiya ke ba sojoji kulawa ta musamman wajen rigakafin ƙwayar cutar HIV mai karya garkuwar jiki. Ga kuma haɗarin aikin kansa: rauni a bakin daga, taɓa jinin abokin aiki da ƙarin jini cikin gaggawa.

Damuwar ta daɗe. A watan Yulin 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1308 kan cutar da dakarun kiyaye zaman lafiya. Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin ita ce ta fi kowa tura dakaru Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG a shekarun 1990.

A 2005, Ma'aikatar Tsaro ta ƙulla haɗin gwiwa da cibiyar binciken lafiya ta Walter Reed ta rundunar sojin Amurka, da kuɗin shirin PEPFAR wanda Shugaba George W. Bush ya ƙaddamar a 2003. Ta wannan hanya aka ƙarfafa gwaji da ba da magani kyauta a asibitocin soja, irin su asibitin 44 da ke Kaduna, da na 68 da ke Yaba, da na sojin ruwa da ke Ojo. An kuma kafa babban ɗakin gwaje-gwaje na tsaro a barikin Mogadishu da ke Abuja. Mafi yawan masu karɓar magani a waɗannan asibitoci fararen hula ne, wato iyalan sojoji da mazauna unguwannin da ke kewaye da bariki.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar cutar, kuma mata sun fi maza kamuwa. Saboda haka duk shirin da ya tsaya kan mai kaki ya bar matarsa a baya, rabin aiki ya yi.

Matakin farko shi ne gwaji, musamman kafin tafiya aiki da bayan dawowa, kuma ya fi amfani idan miji da mata suka je tare. Na biyu shi ne magani. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Wanda kuma ya haɗu da haɗari, kamar ma'aikacin jinyar da allura ta soke shi, akwai maganin gaggawa da ake fara sha cikin sa'o'i 72, a ci gaba har kwana 28. Akwai kuma kwaroron roba da maganin kariya ga wanda ba ya ɗauke da cutar amma yana cikin haɗari. Na uku shi ne awon ciki. Idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya kamuwa daga uwa mai ɗauke da cutar, amma da magani adadin kan sauko ƙasa da 5.

Wahalar tana wajen ɗorewa. Sojan da aka tura daji ba zai iya zuwa asibiti kowane wata ba, shi ya sa tsarin ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda ya dace da shi. Sauyin wurin aiki ma na buƙatar bayanan lafiyarsa su bi shi cikin sirri. A bariki kowa ya san kowa, kuma tsoron tsegumi ko rasa ƙarin girma na hana wasu zuwa gwaji, duk da cewa dokar 2014 ta haramta nuna wa masu ɗauke da cutar wariya. A nan ƙungiyoyin matan sojoji irin su NAOWA, da limaman masallatai da na majami'un bariki, ke da bakin da ake saurara.

Sai batun kuɗi. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje domin sake nazari, lamarin da ya girgiza shirye-shiryen yaƙi da cutar a Afirka. A watan Fabrairu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magunguna. Wanda ya fara shan wannan magani zai sha shi ne tsawon rayuwarsa, kuma yankewar 'yan makonni na iya dawo da ƙwayar cutar da ƙarfinta. Don haka takardar sakin kuɗin da ta kwana a teburin wani jami'i a Abuja, illarta kan bayyana ne a ɗakin magani na bariki, ranar da matar soja ta zo karɓar nata aka ce ta dawo wani makon.