ƘAIƘAYIN DA BA DAGA FATA YAKE FITOWA BA

Mai karatu, idan aka ce maka ƙaiƙayi, abin da zai fara zo maka a rai shi ne ƙazuwa, ko makero, ko ƙurajen zafi, ko borin jini, ko bushewar fata irin ta lokacin hunturu. Duk waɗannan a fata suke, ana ganinsu da ido, kuma idan an samu maganin da ya dace sai su tafi. Amma akwai wani ƙaiƙayi daban. Za ka duba wurin ka ga fata lafiya lau, babu ƙurji babu kumburi, alhali mai shi yana ji kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatarsa, ko kamar ana tsira masa ƙananan allurai. Ya sosa har ya fitar da jini, ƙaiƙayin bai san ana yi ba. Irin wannan daga jijiyoyi yake tasowa, kuma ɗaya daga cikin cututtukan da ke kawo shi ita ce wadda likitoci ke kira maltiful sikilerosis, ko MS a taƙaice.

Wace irin cuta ce MS?

Ka ɗauki wayar lantarkin da ke cikin gidanka. A ciki akwai tagulla, a waje an lulluɓe ta da roba don wuta ta bi hanyarta. Haka jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suke. Kowace tana da riga mai maiƙo da ake kira mayelin, wadda ke sa saƙo ya yi gudu, kuma kada ya kauce. A cutar MS, garkuwar jikin mutum ce ke yin kuskure ta far wa wannan riga, ta zaizaye ta nan da can, wuraren su warke da tabo. Daga waɗannan tabbai masu yawa cutar ta samo sunanta. Wani likitan Faransa mai suna Jean-Martin Charcot ne ya yi cikakken bayaninta a birnin Faris a shekarar 1868.

Ƙididdigar da ƙungiyar MS ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita. Ta fi kama mata, aƙalla ninki biyu na maza, kuma yawanci tana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato daidai lokacin aure da haihuwa da neman abinci. Ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da Sikotilan da arewacin Turai. A nan Afirka ta Yamma ba kasafai ake samunta ba, sai dai mu tuna cewa likitocin jijiyoyi da na'urar hoto ta MRI ba su wadata a wurinmu ba, kuma cutar da ba a nema ba a ganinta. Ba a ɗaukarta ta hanyar cuɗanya, ko cin abinci tare, ko kwanciyar aure. Daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinta akwai shan taba da ƙarancin bitamin D. A 2022 kuma wani babban bincike da aka yi a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakaninta da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowa ya taɓa kamuwa da ita, amma 'yan ƙalilan ne take kaiwa ga MS.

Yadda ƙaiƙayin yake

Mu koma ga wayar nan. Idan ɓera ya cinye robar wayoyi biyu da ke kusa da juna, wuta za ta riƙa tsalle daga wannan zuwa waccan, ƙwai ya kama ba wanda ya kunna shi. To haka jijiyar da ta rasa rigarta take aika saƙon ƙarya. Ƙwaƙwalwa ta karɓi saƙo cewa kafaɗa na ƙaiƙayi, alhali ba abin da ya taɓa kafaɗar. Matsalar tana can cikin laka, shi ya sa farce ba ya kai mata.

Wannan ƙaiƙayi yana da halayensa. Yana zuwa farat ɗaya ba sallama, ya yi daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, ya tafi kamar an ɗauke wuta, sannan ya dawo, wani lokaci sau da yawa a yini. Yakan tsaya a wuri guda: wuya, kafaɗa, gefen fuska, hannu, ko ya zagaye ƙirji kamar ɗamara. Yakan tada mutum daga barci. Motsi, ko taɓawar tufa, ko ruwan zafi na iya tayar da shi. Sau da yawa akwai zafi kamar na barkono a haɗe da shi, ko kuma wurin ya yi dindiris, ka taɓa ka ji kamar ba jikinka ba. Susa ba ta kwantar da shi, wani lokaci ma ƙara shi take yi. A wurin mutane da yawa yakan yi makonni ko watanni sannan ya lafa da kansa.

Abin da ke damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne abin da ke biyo bayan susar. Fatar da ta yi dindiris ba ta gaya wa mai ita cewa ya isa haka. Sai a sosa da mataji, da tsinke, da dutsen goge kaushi, har gyambo ya fito, ƙwayoyin cuta su shiga. Daga nan a nufi kemis a sayo Piriton, ya sa barci amma ƙaiƙayi na nan, domin shi maganin borin jini ne. A sayo man shafawa mai sitiroyid, irin wanda wasu ke haɗawa don hasken fata, a yi ta shafawa har fata ta yi siriri ta fara tsagewa. Idan duk an gaza, sai a ce sammu ne ko iska, a shiga turare da tsaga. Watanni su wuce, kuɗi su ƙare, ba a je wurin da za a duba jijiya ba.

Kada ka yanke wa kanka hukunci

Ina so ka riƙe wannan da kyau. Ƙaiƙayi shi kaɗai ba ya nuna MS, kuma a cikin masu MS ɗin ma kaɗan ne ke fama da shi. A ƙasarmu, wanda ke ƙaiƙayi ba tare da ƙurji ba, an fi sa ran a samu dalilin a wani wuri: ciwon hanta da shawara, ciwon ƙoda, ciwon suga, ƙarancin jini, cutar ƙanjamau, ko wani magani da ya sha. Manya ba su manta da ƙaiƙayin kulorokwin ba. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi kuwa, sai an duba kuturta. Ke kuma mai ciki, idan tafin hannu da tafin ƙafa suka dame ki da ƙaiƙayi a watannin ƙarshe, musamman da dare, kada ki jira ranar awo. Wannan na iya zama taruwar ruwan matsarmama a jini, yana da haɗari ga jariri, kuma gwajin jini ne ke nuna shi.

Abin da zai sa likita ya yi tunanin MS shi ne sauran alamomin da ke tare da ƙaiƙayin, ko waɗanda suka taɓa zuwa suka wuce. Ido ɗaya ya dushe cikin 'yan kwanaki, yana zafi idan an juya shi. Ganin abu biyu-biyu. Ƙafa ko hannu ya yi nauyi. Tangaɗi wajen tafiya. Fitsari ya riƙa kuɓucewa ko ya ƙi fita. Gajiya mai tsanani ba tare da aikin kirki ba. Wasu idan suka sunkuyar da kai sai su ji kamar wutar lantarki ta bi gadon bayansu. A kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar, da farko alamomin zuwa suke su tafi, shi ya sa ake cewa ai an warke, a manta. Idan ka zo asibiti, faɗi har abin da ya faru shekara biyu da suka wuce, ko da kana ganin ba shi da alaƙa da ƙaiƙayin.

Babu gwaji guda da ke tabbatar da cutar. Likitan jijiyoyi zai saurari tarihinka, ya gwada ƙarfi da gani da jin taɓi, ya sa a yi hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka, wani lokaci a ɗebi ruwan baya. Mutanenmu na tsoron allurar baya ƙwarai, amma ana yinta ne a ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma abin da aka fi kuka da shi bayanta ciwon kai ne na 'yan kwanaki.

Akwai wata 'yar'uwar MS da ta fi shafarmu, wadda ake kira cutar Devic ko NMO. Ita jijiyar ido da laka take kamawa, ta fi yawa a cikin baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa, kuma harinta ya fi tsanani. Ƙaiƙayi ya fi yawa a cikinta, har yakan riga raunin ƙafa zuwa da 'yan kwanaki. Tun 2004 aka gano alamarta a jini. Bambance su wajibi ne, don wasu magungunan MS, kamar intaferon, suna iya tsananta ta.

Magani da kula da kai

Har yanzu babu maganin da ke warkar da MS gaba ɗaya, amma tun daga 1993 da aka amince da intaferon a Amurka, an samu magunguna da yawa da ke rage yawan tashinta da jinkirta naƙasa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin muhimman magungunanta. Suna da tsada, wannan gaskiya ne. Idan sabuwar alama ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, likita na iya ba da sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya na kwana 3 zuwa 5.

Shi ƙaiƙayin kansa, magungunan da ke kwantar da jijiya ne ke yi masa aiki, irin su kabamazefin, gabafentin da amitiriftilin. Wasu na farfaɗiya ne, wani na damuwa, don haka kada ka ji haushi idan ka karanta takardar cikin kwali. Ba a ce kana da farfaɗiya ba. Ana farawa da kaɗan ne a riƙa ƙarawa, suna sa jiri da barci da farko, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Wanda ya fara kabamazefin ya ga ƙuraje, ko bakinsa da idonsa sun fara saɓewa, ya daina ya zo asibiti a ranar. Ka sani kuma wasu magungunan MS ɗin su ma suna sa ƙaiƙayi, a wurin allura ko lokacin ƙarin ruwa. Idan ya zo da kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wannan na gaggawa ne.

A gida, yanke farce. Jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa ka ɗora a wurin na 'yan mintoci maimakon susa, amma kada ka sa ƙanƙara kai tsaye a kan fatar da ba ta ji. Sa tufafin auduga masu sakewa. Zafi abokin gabar mai MS ne: tun 1890 wani likitan ido na Jamus, Uhthoff, ya lura ganin wasu marasa lafiya na dushewa idan jikinsu ya ɗumama. Don haka a watannin bazara a nemi inuwa, a sha ruwa, a yi aikin ƙarfi da sassafe. Zazzaɓin cizon sauro da sanyin mafitsara su ma suna tayar da tsofaffin alamomi, a magance su da wuri. Ka samu ɗan littafi kana rubuta lokacin da ƙaiƙayin ya zo, inda ya kama, tsawonsa, da abin da kake yi a lokacin. Shafi ɗaya na irin wannan rubutu yana taimakon likita ƙwarai.

Ga 'yan'uwana mata

MS ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta hana haihuwa da kai, ba ta hana shayarwa. Wani bincike da aka yi a Turai aka buga a 1998 ya nuna cutar na lafawa lokacin ciki, musamman watanni uku na ƙarshe, sannan takan taso a watanni ukun farko bayan haihuwa. Amma ki yi shawara da likita kafin ki ɗauki cikin, domin wasu magungunan na cutar da ɗan tayi. Kabamazefin na ƙara haɗarin matsalar laka ga jariri, kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu. Duk mai shansa ta faɗa wa ma'aikaciyar sashen tazara tun kafin a zaɓa mata hanya.

Sai batun wankan jego. Lokacin da cutar ta fi tashi shi ne daidai lokacin da ake dafa wa mai jego ruwa safe da yamma har kwana 40. Ruwa mai tururi zai iya tayar mata da ƙaiƙayi, ya dusar da ganinta, ƙafafu su saki a banɗaki, kuma fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Ki yi wankanki da ruwa mai ɗumi kaɗan, wani ya gwada miki shi da hannunsa, kuma kada ki kulle ƙofa. Na san ba abu ne mai sauƙi ba ki ce wa uwa ko uwar miji a sirka ruwa. Ki zo da su awo tun cikin wata na bakwai, mu zauna mu yi musu bayanin da kanmu.