Tatsuniyar Sindarela A Gaban Kyamara: Tsakanin "Sai" Da "Saboda"

Shekaru da dama ke nan masu shirya finafinai na Amurka suka ɗauki wata ɗabi'a, ta ɗauko tsofaffin tatsuniyoyin Turai waɗanda duniya ta saba gani a zanen katun, su sake shirya su da mutane 'yan wasa. Da yake waɗannan finafinai sun daɗe da shigowa falukanmu, kuma 'ya'yanmu na kallonsu, ya dace mu tambayi kanmu ko wannan sabuwar riga tana yi wa tatsuniya kyau. Zan ɗauki tatsuniyar Sindarela a matsayin zakaran gwajin dafi, domin tana cikin waɗanda aka fi maimaitawa.

Mai karatu zai so ya san cewa labarin ya girmi sinima nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 9 aka rubuta irinsa a ƙasar Sin, inda ƙashin kifi ke taimakon marainiyar. Wanda duniya ta fi sani shi ne na Charles Perrault, mutumin Faransa, wanda ya fito a 1697, kuma a cikinsa ne ake samun takalmin gilashi da kabewar da ta rikiɗe ta zama keken doki. A 1812 'yan'uwan nan biyu na Jamus, wato Grimm, suka fitar da nasu, inda takalmin na zinariya ne, kuma 'ya'yan matar uba suka yanke yatsa da diddige don ƙafarsu ta shiga. A harsunan Faransanci da Jamusanci duka, daga kalmar toka aka ciro sunan yarinyar, saboda a bakin murhu take rayuwa. Na Perrault ɗin ne kamfanin Disney ya mayar katun a 1950.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da na lura da shi shi ne, kowace tatsuniya a kan kalmar "sai" take tafiya. Sai uwar ta mutu, sai uban ya ƙara aure, sai matar ta tsani yarinyar, sai ɗan sarki ya gan ta ya ce ita yake so. Mai ba da tatsuniya ba ya kawo dalili, mai sauraro kuma ba ya nema. "Wata yarinya" da "wani sarki" sun wadatar, kowa ya zana musu kamanni a zuciyarsa. Katun ma yana cin wannan gajiya, domin babu wanda ke tuhumar zane. Amma da zarar an ɗora wa mutum kyamara, muka ga idanunsa da motsin leɓensa, nan take zuciya ke fara neman "saboda". Saboda me wannan budurwa mai hankali ta zauna ana bautar da ita a gidan ubanta? Saboda me matar uban ta ƙi jininta? Saboda me yarima zai kwana yana rawa da mace, gari ya waye ya kasa gane fuskarta sai da awon ƙafa? A nawa ra'ayin, nasarar kowane irin wannan fim tana rataye ne a kan yadda ya amsa waɗannan tambayoyi uku ba tare da ya karya ƙashin bayan labarin ba.

Fim ɗin Ever After na 1998, wanda Andy Tennant ya ba da umarni, Drew Barrymore ta fito a matsayin marainiyar, ya zaɓi ya kori sihiri baki ɗaya. Ya kai labarin Faransa ta ƙarni na 16, ya sa mai zanen nan Leonardo da Vinci a gurbin aljanar da ke taimako. Yarinyar ta zauna ne saboda tana son ta tsare gidan mahaifinta da barorinsa; hasali ma shigar 'yan sarauta da ta fara yi, ta yi ta ne don ta fanso wani tsohon bara da aka sayar a kan bashi. Ta haɗu da yarima sau da dama, sun yi muhawara a kan littafin Utopia na Thomas More, saboda haka takalmin bai zama ma'auni ba, tunda ya riga ya san ta. Fim ɗin ya amsa tambayoyin da kyau, sai dai farashin da ya biya shi ne, abin da ya rage ya fi kama da labarin soyayya na tarihi.

Na 2015, wanda Kenneth Branagh ya shirya wa Disney, ya bi hanya mafi wuya: ya riƙe kabewa da ɓeraye da ƙarfe goma sha biyun dare, sannan ya saƙa dalilai a tsakaninsu. Haƙurin yarinyar ya samo tushe daga wasiyyar mahaifiyarta, ta kuma haɗu da yarima a daji kafin daren liyafa. Amma inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne matar uba, wadda Cate Blanchett ta fito a matsayinta: mace ce da ta binne miji biyu, ga bashi, ga 'ya'ya mata biyu, ga sanin cewa zuciyar mijinta na biyu tana wurin marigayiya. Mun fahimce ta, amma fim ɗin bai wanke ta ba. Masu kallo sun karɓe shi, domin ya tara fiye da dala miliyan 540 a duniya.

Na 2021 kuwa, wanda Kay Cannon ta shirya, mawaƙiya Camila Cabello ta ja, ya amsa tambayar da babu wanda ya yi. Sindarelarsa tela ce mai burin buɗe shago, har ta ƙi tayin yarima don kada sarauta ta raba ta da sana'a. Babu laifi a burin. Mu da iyayenmu mata suka riƙe gidaje da sana'ar cikin ɗaki ba za a koya mana darajarsa ba. Matsalar ita ce, wahalar da ke ɗauke da labarin ta ɓace a cikin waƙe-waƙe da jawabai. Yarinyar da ke da mafita tun daga farkon fim ba ta bukatar takalmi, mai kallo kuma ba shi da abin yi wa fargaba.

Wani zai ce ai bayani shi ke kashe tatsuniya, a bar ta yadda aka gada. Akwai gaskiya a nan, domin gishiri in ya yi yawa ɓata miya yake yi, kuma akwai abubuwan da ba sa son dalili, kamar yadda takalmin gilashi ya ƙi narkewa tare da sauran kayan sihiri. Amma wanda ya ɗauko mutane ya riga ya ɗauko bashin dalili, sai dai ya san inda zai biya. Ga alama ƙa'idar ita ce, a yi wa halin mutane bayani, a bar sihiri a kan "sai" ɗinsa.

Wannan darasi bai tsaya ga Turawa ba. Taskarmu cike take da labaran 'yar mowa da 'yar bora, da marainiya a hannun kishiyar uwa, kuma masu finafinanmu sun taɓa gwada tatsuniya, kamar yadda aka gani a Daskin Da Riɗi. Duk wanda zai sake gwadawa, ina ba shi shawara ya zauna da labarin tukuna, ya ja layi a ƙarƙashin kowace "sai", ya tambayi kansa wacce ce za ta iya tsayuwa a gaban kyamara, wacce kuma ke bukatar dalili. Bora tana da tarihi, mowa ma haka, kuma mai kallon yau zai so ya ji na kowacce.