Gado da wasiyya: Abubuwan da ya kamata ka sani tun kana da rai

Musulunci bai bar wa mai dukiya yanka kason magada ba. Ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun riga sun yi wannan aiki. Matar aure, alal misali, tana da sumuni idan mijin ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, kuma ko su huɗu ne wannan kason za su raba. A ganina ba kason ne ke kai 'yan uwa gaban alƙali ba. Abin da ke raba zumunci shi ne rashin sanin wace dukiya ce ta mamacin, wace ce ta wani.

Me ake fara cirewa?

Kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya. Abin da ya rage shi ne gado. Ragowar sadakin da ba ka cika ba bashi ne. Shanun matarka da ke cikin garkenka nata ne, haka jarin da ƙanenka ya zuba a shagonka. Idan babu rubutu babu shaidu, ranar rabo maganarta za a gwada da ta dangin miji, kuma kowa ya san inda abin ya fi karkata. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take.

Iyakar wasiyya

Ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bn Abi Waƙƙas. Ba a kuma yi wa magaji sai da yardar sauran magada. To ina amfaninta? Dubi jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa: muddin akwai baffansa a raye, ba ya gadon kakan. Da yawa daga cikin marayun nan a gidan kakan suka tashi, amma ranar rabo su tashi hannu rabbana. Wasiyya ce ƙofar da aka bar wa kakan, haka ma ga agola ko ɗan riƙo.

Kyautar baki

"Wannan gidan na Hajiya ne" ba ya wadatarwa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In ka yi niyya, ka miƙa, a kafa shaidu, a sauya suna a takardar fili.

Banki da fansho

Sunan makusancin da ka rubuta a fom ɗin banki bai mayar da shi mai dukiyar ba, shi ne dai wanda za a tuntuɓa. Kafin a saki kuɗi ana neman takardar kotu. Ma'aikaci kuma ya sani cewa dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatarsa yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalin da ba su san da wannan haƙƙi ba, ba za su nema ba.

Ka samu littafi guda ka rubuta kadarorinka, asusunka, wanda kake bi da wanda ke bin ka. Ka kai wa malamin da ya san ilmin gado ko lauya ya duba, mutum biyu adilai su sa hannu, sannan ka gaya wa iyalinka inda ka ajiye shi.