"Kana Ji Na?": Ba Kullum Laifin Netwok Ba Ne

Da zarar murya ta lalace ana tsakiyar taro ta Zoom ko Teams, sai kowa ya ɗora wa netwok laifi. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da dama matsalar tana kan teburin mai magana, kuma yanayin lalacewar muryar shi ke nuna inda gizo ke saƙa.

Kwamfuta ba ta aika murya a dunƙule. Yanyanka ta take yi ƙanana-ƙanana, galibi kowane yanki na milisakan 20, ta tura ta intanet, a harhaɗa su a can. In wasu suka ɓace a hanya ko suka iso a makare, sai magana ta riƙa yankewa. Wannan kam laifin layi ne. Kiran murya zalla bai cika cin kilobit 100 a daƙiƙa ba, saboda haka ɗorewar layin ta fi gudunsa muhimmanci. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin isar murya ya wuce milisakan 150; in ya yi yawa, mutane kan fara katse juna ba da niyya ba. A nan sai a kashe bidiyo, a dakatar da sauke fayiloli, a matsa kusa da na'urar Wi-Fi, ko a jona kebul.

Idan kuwa hoto na tafiya daidai amma shiru kake ji, ƙyale netwok. Duba maɓallin rufe murya tukuna, sannan ka shiga saitin manhajar ka ga wane makirufo da wace lasifika ta zaɓa. Jona talabijin ko majigi ta HDMI kan karkatar da sautin can. Tun 2018, Windows 10 da macOS suna iya hana manhaja amfani da makirufo sai an ba ta izini. Kan filogin abin kunne ma abin dubawa ne: mai zobe biyu na saurare ne kawai, mai zobe uku shi ke ɗauke da makirufo.

Amsa-kuwwa ce ta fi jawo zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ke jin muryarsa tana dawo masa, yawanci ba daga wurinsa matsalar take ba. Muryarsa ce ke fita ta lasifikar abokin maganarsa, makirufon can ya sake ɗauka ya maido masa. Manhajoji na ƙoƙarin share wannan, amma in an ƙure ƙarar lasifika sai abin ya fi ƙarfinsu. Don haka wanda ke cewa "ni dai lafiya lau nake ji" shi ya kamata ya sa abin kunne. Haka nan in na'ura biyu suka shiga taro ɗaya a ɗaki ɗaya, dole a rufe sautin ɗaya gaba ɗaya.

Abin kunne na Bluetooth kuma yakan rage ingancin sauti da zarar makirufonsa ya fara aiki. A ganina, mai waya ya fi shi amana.

Abin takaici ne mutum ya rasa aiki saboda rabin lokacin ganawarsa ya ƙare a "kana ji na?". Zoom da Teams duk suna da wurin gwajin murya. Mai karatu, ka gwada minti biyar kafin a fara taro.